Muhawara: nutso a teku da renon yara a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska a tsibiran Karebiyan

Hajiya Rabi (Damagaram):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na kawo wannan magana ne da izinin ƙanena Laminu, wanda yake cikinmu a nan, domin mun tattauna ta a gida ba mu cim ma matsaya ba, kuma na san akwai likitoci da malamai a tare da mu. Laminu injiniyan jiragen ruwa ne a La Rochelle ta ƙasar Faransa. Shi da maiɗakinsa Nana A'isha sun sayi jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa mita 12, suna shirin kwasar 'ya'yansu uku, mai shekara 11 da mai shekara 8 da auta mai shekara 4, su tsallaka Tekun Atlantika su shekara suna zagaya tsibiran Karebiyan. Su biyun duk sun koyi nutso da tukunyar iska, kuma nutson yana cikin manyan abubuwan da ke jansu zuwa can. Ni abin da ya hana ni barci shi ne wannan: idan uwa da uba suka nutse ƙarƙashin ruwa, wa ke riƙe da yaran a sama? Bayan wannan akwai maganar salla da karatunsu. Ina roƙon duk mai sani ya yi mana bayani tsakani da Allah.

Alhaji Mamman (Maraɗi):
Wa alaikumus salam Rabi. Ni ba na goyon bayan tafiyar nan, kuma na faɗa wa Laminu baki da baki. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Babba idan ya jefa kansa cikin haɗari ya yi da saninsa, amma yarinya mai shekara 4 ba a nemi shawararta ba.

Laminu (La Rochelle):
Na gode Yaya Rabi, na gode Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bari in fara da hanyar, domin a san ba tafiyar ganganci ba ce. Za mu tashi daga Las Palmas da ke tsibiran Kanari a ƙarshen watan Nuwamba, cikin ayarin jiragen da ake kira ARC, wanda ake yi duk shekara tun 1986. Tafiyar mil 2,700 ce ta teku zuwa tsibirin Saint Lucia, kuma jirgi irin namu kan yi ta cikin mako uku ko ƙasa da haka. An zaɓi wannan lokaci ne saboda kakar mahaukaciyar guguwa a Atlantika tana farawa ranar 1 ga Yuni ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, sannan iskar da ke kaɗawa daga gabas ta daidaita, ita ce za ta tura mu ta baya. Daga Saint Lucia za mu gangara kudu zuwa tsibiran Grenadines da Grenada, inda mafi yawan tafiye-tafiyen na 'yan sa'o'i ne, ana hango tsibiri na gaba tun kafin na baya ya ɓace. A da ana ɗaukar Grenada wurin fakewa daga guguwa, amma guguwar Ivan ta ragargaza ta a 2004, Beryl kuma ta afka wa tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada ranar 1 ga Yulin 2024, saboda haka idan kakar ta gabato Trinidad ko Bonaire za mu nufa.

Game da nutso, shirina shi ne in sayi ƙaramin injin ɗura iska in ajiye a jirgi, ta yadda ni da A'isha za mu riƙa sauka na ɗan gajeren lokaci a wurare marasa zurfi, babbar 'yarmu tana kula da ƙannenta, ga rediyon jirgi a hannunta.

Malam Bashir (Jidda):
Injiniya, na daɗe ina nutso a Bahar Maliya, kuma sakin layinka na ƙarshe shi ne inda nake roƙonka ka sake tunani. Bari in yi wa sauran jama'a bayanin dalili, domin wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka mai nutso yana iya fitowa duk lokacin da ya ga dama.

Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin ruwa yana ƙara masa matsi daidai da na dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da ke cikin tukunya iskar duniya ce da aka matse, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kuma a ƙarƙashin matsi wannan naitirojin yana narkewa ya shiga jini da tsoka. Idan mutum ya taso a hankali, huhu yana fitar da shi. Idan ya taso a guje, sai ya yi kumfa a cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an ɓalle murfinsa farat ɗaya, kuma kumfar nan tana iya tsayawa a gaɓoɓi ko laka ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake koya mana tasowa sannu, mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, da tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Ma'anar wannan ita ce, ko da uba ya san ɗansa ya faɗa ruwa a sama, ba shi da ikon rugawa, balle ma ba zai sani ba, domin babu rediyon da ke kai magana ƙasan ruwa a irin kayanmu.

Matsala ta biyu ita ce jan ruwa. Tsakanin tsibiran nan ruwa yana gudu da ƙarfi, kuma abu ne sananne masu nutso su fito su tarar an kwashe su nesa da inda suka bar kwalekwalensu. A irin wannan hali wanda ke sama shi ne mai ceto: ya tayar da inji, ya hango su tsakanin igiyoyin ruwa, ya jawo babban mutum da kayansa cikin kwalekwale. Yarinya mai shekara 11 ba za ta iya wannan ba alhali idonta ɗaya yana kan auta. Kuma idan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ta kuɓuce jirgin ya fara ja, ita kaɗai ce da ƙannenta a cikinsa.

Ƙa'idar nutso ta ce kada mutum ya sauka shi kaɗai. Ƙa'idar reno ta ce kada a bar yara su kaɗai a kan ruwa. Iyali mai manya biyu ba zai iya cika ƙa'idojin nan biyu a lokaci guda ba, sai an samo mutum na uku. Mafita kuwa tana nan a hannu: kusan kowane tsibiri yana da masu sana'ar kai mutane nutso, suna zuwa har gefen jirgi su ɗauki mutum. Yau kai ka bi su A'isha ta zauna, gobe ita ta bi su kai ka zauna. A Dominica da Saint Lucia ma dokar wurin ba ta yarda baƙo ya yi nutso da tukunya ba sai tare da masu lasisi na ƙasar.

Injin ɗura iskar kuma ba na ba ka shawarar saye. Ƙarami yana ɗura kamar lita 100 a minti, wato kusan minti 25 kan tukunya ɗaya, da ƙara mai hana maƙwabta sakat. Babban haɗarinsa shi ne idan bakin da ke zuƙar iska ya kusanci hayaƙin inji, gubar kabon monoksaid za ta shiga tukunyar, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, sai a ƙasan ruwa za ta nuna kanta. A jirgi mai mita 12 nisan hayaƙi da bakin zuƙa kaɗan ne.

Dakta Hadiza (Kano):
Ina tare da Malam Bashir, kuma zan ƙara abin da ya shafi ɓangarena. Maganin ciwon kumfar nan shi ne a sa mutum cikin ɗakin matsin iska a asibiti, a mayar da shi ƙarƙashin matsi yana shaƙar oksijin, sannan a rage matsin a hankali. Ba kowane tsibiri ke da wannan ɗaki ba. Akwai shi a Fort-de-France ta Martinique, akwai a Barbados, akwai a Bonaire. Daga Tobago Cays da ke cikin tsibiran Grenadines zuwa Fort-de-France kusan mil 120 ne, kuma jirgin da ke gudun mil 6 a sa'a zai kwashe kimanin sa'a 20 kafin ya isa. Idan mai ciwon shi ne matuƙin, to uwa ce za ta tuƙa ta kwana, tana jinya, tana riƙe da yara uku. Saboda haka dole ne a sami tukunyar oksijin zalla a jirgi da abin rufe fuska, kowannensu ya koyi ba da ita, domin ita ce taimakon farko. Su kuma yi rajista da ƙungiyar DAN, wadda ke da layin gaggawa na masu nutso dare da rana, kuma kafin su sauka a ko'ina su tabbatar ɗakin da ya fi kusa yana aiki a wannan makon.

Akwai wani abu da littattafan koyon nutso ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali mu ya shafe mu ƙwarai, wato sikila. Mai jinin SS ba ya nutso da tukunya, wannan babu jayayya. Mai AS kuma, wanda yana da yawa a cikinmu, ya kamata ya zauna da likitan da ya san harkar nutso kafin ya shiga, domin gajiya mai tsanani da ƙishirwa da ƙarancin oksijin su ne abubuwan da ke tayar da matsala ga mai wannan jini. Injiniya, an gwada jinin dukanku biyar? Haka nan mai juna biyu ba ta nutso sam, mai asma kuma sai an duba shi.

Sai kifi. A yankin akwai gubar da ake kira siguwatera, wadda ke taruwa a jikin manyan kifayen da ke farauta a duwatsun murjani, musamman barakuda. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, daskarewa ma haka. Tana kawo amai da gudawa da ƙaiƙayi da kasala, har mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar ya ƙone shi, kuma alamominta suna iya rikicewa da na ciwon nutso. Ku tambayi masuntan kowane wuri kafin ku ci, kuma kada a ba yara babban kifin murjani.

Malama Zulai (Yamai):
Ni malamar makaranta ce, kuma ina ganin an karkata ga nutso an bar yaran. A watan Maris na 2014 wasu iyalin Amurka sun tashi daga Meziko a jirgi mai suna Rebel Heart da 'ya'ya biyu ƙanana, ƙaramar ta kamu da rashin lafiya suna kimanin mil 900 daga gaɓa, jirgin kuma ya sami matsala. Sai da sojoji suka diro da lema, jirgin yaƙi ya kwashe su, aka nutsar da nasu. Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen shi ne yaro ba littafi kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar sa'o'insa da dangi. Yaran nan dama a Faransa suke tashi, Hausarsu sai a hankali, hutun da ya kamata su zo Damagaram su ga kakarsu shi ne za a kashe a teku.

Nana A'isha (La Rochelle):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na bari manya sun gama ne kafin in sa baki. Mun riga mun gwada zaman jirgin da yaran a lokutan hutu a gaɓar Faransa da Sifen, saboda haka abin da zan faɗa na gani ne da idona.

Yawancin kwanakin mai irin wannan rayuwa ba tafiya yake yi ba, a tsaye yake a kan anka a wani lungun teku mai kwanciyar ruwa, kuma aikin gida ne ke cinye yinin. Komai awo ne. Tankinmu yana ɗaukar ruwan daɗi lita 400, muna da na'urar da ke tace ruwan teku ta fitar da gishiri, amma ita ma wuta take ci, wutar kuwa daga farantan sola take zuwa, kuma firji da fitilu da na'urar sadarwa duk a kanta suke. Ranar da hadari ya rufe rana sai an zaɓi abin da za a kunna. Yara suna wanka a teku da sabulu, sannan a ɗauraye su da ɗan ruwan daɗi. Kwanoni da ruwan gishiri ake fara wanke su. Wanki da hannu ake yi a bokiti, a shanya a kan wayar gefen jirgi da mamatsa masu yawa, in ba haka ba iska ta tafi da shi. A nan ne ma na fara ganin nutso yana gasa da gida, domin kayan nutso suna buƙatar ɗauraya da ruwan daɗi duk lokacin da aka fito, kuma ruwan nan daga rabon girki da wanka ake cire shi.

Murhun girki a rataye yake yana lilo, domin tukunya ta tsaya daidai idan jirgi ya karkata, kuma ba na bari yaro ya kusance shi ana tafiya. Cefane sai an shiga ƙaramin kwalekwalen roba an je gari, a dawo da kaya a jakar baya, a cire duk kwalaye a waje saboda ƙwan kyankyasai. Naman halal zai yi mana wuya a ƙananan tsibirai, sai Trinidad inda Musulmi suke da yawa da masallatai, don haka wake da shinkafa da ƙwai da kifin tsakiyar teku su ne abincinmu. Zan tafi da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji gwargwadon abin da dokar shiga kowace ƙasa ta yarda.

Mun zagaye jirgin da raga. Doka ce a wurinmu cewa yaro ba ya fitowa sama ana tafiya sai da rigar kariya da igiyar da ke ɗaure shi da jirgi, auta kuwa ko a tsaye muke tana sanye da tata.

Malama Zulai, maganarki ta dangi ta taɓa ni, kuma ita ce ta fi nauyi a raina. Karatun boko za su yi shi ta CNED, hukumar karatu daga nesa ta Faransa, da safe kafin rana ta yi zafi, ni ce malamarsu, kuma na san ranakun da za a yi kuka a kan lissafi suna nan tafe. Amma a La Rochelle yaran nan suna ganin mahaifinsu ne da dare kawai, Faransanci suke yi daga safe har yamma. A jirgi daga mu sai su, kuma mun yanke cewa Hausa za a riƙa yi a cikinsa. Sa'o'i kuma akwai su, domin a Grenada jiragen masu iyali suna taruwa da yawa, kowace safiya ana sanarwa ta rediyo, yara su haɗu a bakin ruwa.

Game da saukarmu mu biyu tare, ban taɓa samun natsuwa da shi ba, kuma na gode wa Malam Bashir da ya fayyace dalilin fiye da yadda zan iya.

Malam Sanusi (Katsina):
Hajiya Rabi ta tambayi salla, kuma wannan ɓangaren da sauƙi. An tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da matafiya teku masu ɗan guzurin ruwa, ya amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Don haka alwala da wanka da ruwan teku sun inganta. Ana salla a jirgi a tsaye idan da iko, a zaune idan tangaɗi ya hana, ana fuskantar alƙibla, idan jirgin ya juya a juya. Daga tsibiran nan alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, jirgin da ke kan anka kuwa yana mayar da gabansa inda iska ke fitowa, iskar yankin kuma daga gabas take, don haka sau da yawa goshin jirgin ba zai yi nisa da alƙibla ba, sai dai a tabbatar da kamfas. Ƙasaru tana nan ga matafiyi, amma a mazhabarmu idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ya cika.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amana. Kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Yawo a bayan ƙasa domin ganin halittar Allah abu ne mai kyau, amma bai kai matsayin da za a ɗora wa yarinyar da ba ta balaga ba rayukan ƙannenta saboda shi.

Dakta Hadiza (Kano):
Tunda Malam ya shigo, in ƙara cewa idan azumi ya same ku a can, ku ajiye tukunyar iska har bayan salla. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfa.

Laminu (La Rochelle):
Na karanta komai, Allah ya saka da alheri. Na ajiye maganar injin ɗura iska, kuɗinsa za su tafi ga tukunyar oksijin da horon ba da ita. Ni da A'isha ba za mu sauka tare ba sai idan akwai babban mutum wanda ya iya jirgi a sama, kuma da yardar yaran. Abin da za mu fi yi a matsayin iyali shi ne iyo a saman ruwa da tabarau da bututun numfashi. A Tobago Cays, waɗanda ƙananan tsibirai biyar ne da babu mazauna, kunkuran ruwa suna kiwo a ciyawar da ke gefen Baradal a ruwa marar zurfi, yaro mai rigar kariya yana ganinsu sarai. A Grenada akwai mutum-mutumin da aka jera a ƙasan ruwa a Molinere tun 2006, su ma ana hango su daga sama. Nutso mai zurfi zan bar shi sai Bonaire, inda aka hana jefa anka domin kare murjani, ana ɗaure jirgi ne a turakun da hukuma ta kafa gaban garin Kralendijk, ga asibiti da ɗakin matsin iska a kusa.

Babbar 'yarmu tana son koyo. Ƙa'idar PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, ta yarda daga shekara 10, iyakarta mita 12, tare da mahaifi ko malamin nutso. Ina son jin ra'ayin Dakta.

Alhaji Mamman (Maraɗi):
Na ji an gyara wani abu, amma tsallakar mako uku tana nan, kuma a tsakiyar ruwan nan babu likita babu maƙwabci. Idan ba makawa sai an yi, ka nemi maza biyu da suka iya teku ku tsallaka da jirgin, A'isha da yara su same ku a Saint Lucia ta jirgin sama. A kan wannan nake, ban sauya ba.

Hajiya Rabi (Damagaram):
Ni ma shawarar Baba Alhaji ta fi kwanta mini, Laminu, ko da autar kaɗai za a ɗauke wa tsallakar. Kuma ina son alkawari a gaban jama'a cewa kafin tafiyar za ku kawo yaran gida su yi wa Inna sallama.

Nana A'isha (La Rochelle):
Mun ɗauki wannan alkawari, Yaya, za mu zo a hutun bazara in sha Allahu. Maganar tsallakar kuma za mu zauna da Baba Alhaji idan mun iso.

Dakta Hadiza (Kano):
Injiniya, game da yarinyar, shekaru ba su ne kaɗai ma'auni ba. A duba kunnuwanta da huhunta, a tabbatar tana iya daidaita matsin kunne da kanta, kuma a ga ko tana iya bin umarni idan ta tsorata, domin yaron da ya firgita yakan riƙe numfashi ya taso, wannan kuwa yana iya yi wa huhu illa ko a ruwan da bai kai mita 2 ba. Kada ku koya mata da kanku, ku kai ta wurin malami mai lasisi, a fara a tafkin wanka. Har yanzu kuma ba ka amsa mini tambayar gwajin jini ba. Ka turo mini sakamakon ku biyar ta akwatina kafin ku biya kuɗin kowane horo.